Yarana sai sun dube ni kafin su taɓa ƙwallo

Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a Bukoki, nan Yamai. Idan na rufe shago bayan la'asar ina horar da yaran unguwa ƙwallo, 'yan shekara 10 zuwa 13, su kusan ashirin. Na buga tamaula har sai da gwiwa ta hana ni, don haka ban ɗauki abin da wasa ba. Na koya musu tsari: kowa ya tsaya wurinsa, taɓawa biyu ka ba da, babu yanka a rabin filinmu. A gasar babban hutun da ya wuce, wasu yara da ko riguna iri ɗaya ba su da su suka fitar da mu da ci 3 da 1. Na lura duk sa'ad da ƙwallo ta zo ƙafar ɗaya daga cikin nawa, sai ya ɗago ya dube ni tukuna. Ɗan yayata ya fi kowa ƙafa, amma na zaunar da shi a benci sau biyu saboda riƙe ƙwallo, yanzu ya daina zuwa, ya koma buga ta layi, gaisuwa ma a ciki yake yi mini. Ga Alhajin da ya saya mana riguna kullum maganarsa kofi. Baba, yaya ake koya wa yaro dabara, ya yi abin da ba a zata ba a fili? Ko kuwa da ita ake haihuwar mutum?

Koci daga Bukoki

Wa alaikumus salam ɗana. Mutumin da ya wuni a kan keken ɗinki, ya kuma tashi ya tara 'ya'yan mutane ba don ko dala ba, ya cancanci a fara da yi masa addu'a. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar lafiya.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, amsar tambayarka tana cikin wasiƙarka. Yaron da ƙwallo ke gangarowa wurinsa yana da ɗan lokacin da bai wuce ƙiftawa biyu ba. A cikinsa ne zai ga inda abokin karawa yake, wace ƙafa ya dogara a kai, wa ke sake a bayansa, ko mai tsaron raga ya baro layinsa. Naka yaran suna kashe wannan lokaci wajen duban bakin fili. Kafin idonsu ya dawo, ƙofar da ta buɗe ta rufe. Kada ka ɗauke su dolaye. Sun gano cewa a filinku fuskar koci ce ke yanke wanda zai buga da wanda zai zauna, sai suka ƙware wajen karanta ta, suka bar karanta wasan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filayen unguwannin Yamai ran Asabar ya san yadda abin yake. Ƙwallo ba ta gama isa ƙafar yaro ba, koci na ihu: "Ba da! Ba da! Fitar da ita! Kai, koma wurinka!" Ta bayan raga wani yaya na cewa ya buga, 'yan fada daga kan benci da butar shayinsu na cewa ya yanke shi. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, baki huɗu a kansa. Abin da zai yi shi ne ya rabu da ƙwallon ta kowace hanya, don laifi ya koma kan wani.

Masana sun auna wannan. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane bidiyon matasa shida suna jefa wa juna ƙwallon kwando, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe. Aka ce wa masu kallo su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna. Ana tsaka da haka sai wata ta shigo sanye da kayan goggon biri, ta tsaya a tsakiya, ta daki ƙirji, ta fice. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba, alhali idonsu na kan bidiyon. Daga baya Daniel Memmert, wanda ke koyarwa a jami'ar wasanni ta birnin Kolon a Jamus, ya yi irin wannan gwaji da matasa 'yan ƙwallon hannu. Waɗanda aka ƙara wa umarni, aka ce su sa ido kan abu kaza, su ne suka fi kasa ganin ɗan'uwansu da ke tsaye shi kaɗai ba mai tsaronsa. Wato duk umarnin da ka jefa wa yaro ana cikin wasa, ka nuna masa abu ɗaya, ka rufe masa ido daga sauran.

Ina so kuma mu daidaita kan abin da kake nema, don da yawa cikinmu da an ce dabara sai mu tuna yanka kawai. Ka tuna wasan Liverpool da Barcelona na watan Mayun 2019 a Anfield, filin Liverpool, kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Turai. Barcelona ta ci 3 da nema a gidanta, Liverpool ta rama ukun, aka samu bugun kusurwa. Trent Alexander-Arnold, yana ɗan shekara 20, ya ajiye ƙwallo ya fara tafiya kamar zai bar wa wani. Da ya waiga ya ga 'yan Barcelona sun juya baya suna shirya kansu, sai ya dawo da sauri ya gangara ta ƙasa, Divock Origi ya zura ta huɗu. Ko mutum ɗaya bai yanke ba. Gani ya yi, ya yanke shawara, kuma bai tsaya neman izinin kowa ba. Da ya tsaya duban benci, da sun juyo.

Ko da ita ake haihuwar mutum? Wani ɓangare, i. Ba kowane yaro ne zai zama Jay-Jay Okocha ba, wanda a 1993 ya yi ta wasa da mai tsaron raga Oliver Kahn da 'yan bayansa a bakin raga kafin ya ga dama ya buga. Amma Okocha ma a layukan Inugu ya samo abin, ƙafa ba takalmi. Antonin Panenka, wanda a wasan ƙarshe na kofin Turai na 1976 ya ɗaga fenariti a hankali ta tsakiyar raga yayin da mai tsaron raga Sepp Maier ya yi tsalle gefe, bai ƙirƙiro bugun a daren ba. Ya daɗe yana tsayawa da mai tsaron ragar kulob ɗinsa na birnin Prague bayan an tashi atisaye, suna gasa tsakaninsu, yana neman hanyar da zai yaudare shi. Lura da lokacin: bayan an tashi, koci ya tafi gida, ba wanda zai yi masa tsawa idan ta ƙi.

Yanzu koma ga yaran da suka fitar da ku. Ba su da koci, amma suna da makaranta. Leƙa kowane layi tsakanin Bukoki da Wadata gab da magariba. Raga silifa biyu ne ko duwatsu. Filin ya karkace, gefe guda rairayi mai kama ƙafa, gefe guda ƙasa mai tauri inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama. Akwai lambatu da ba wanda ke son shiga ɗauko ta, don haka kowa ya koyi tare ta kafin ta kai can. Akwai katangar gidan mutane, wadda yaro mai wayo ke buga wa ƙwallo ta dawo masa ta bayan wanda ya tare shi. Babur zai ratso, a dakata, a ci gaba daga inda aka tsaya. Yau biyar da biyar, gobe biyar da uku saboda an aiki ɗaya sayen kalwa, wani kuma an kira shi makarantar allo. Ɗan shekara tara yana karawa da ɗan sha huɗu, ya san in ya bari aka haɗa kafaɗa ya faɗi, dole ya nemi wata hanya. Ba alƙali, su suke gardamarsu su sasanta. Wanda aka zura wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu za a yi masa dariya har gida, shi kuma zai kwana yana tunanin yadda zai rama. A awa ɗaya irin wannan, yaro yana yanke shawara fiye da yadda zai yanke a mako guda na atisayen layi-layi.

Abin dariya shi ne, Turawa kuɗi suke kashewa yanzu don su dawo da wannan, tunda motoci da wayoyi sun kori yaransu daga titi. A farkon shekarun 2000 makarantar yara ta Manchester United ta gwada wasan huɗu da huɗu a madadin takwas da takwas ga 'yan ƙasa da shekara 9. Da aka ƙirga, miƙa ƙwallo ya ninka fiye da sau biyu, karon mutum da mutum fiye da sau uku. Wani Bajamushe, Horst Wein, wanda asalinsa ma kocin hoki ne, ya yaɗa wasan uku da uku mai ƙananan raga huɗu, wanda ake kira funino. Daga kakar 2024 hukumar ƙwallon Jamus ta wajabta irin waɗannan ƙananan wasanni ga yara 'yan ƙasa da shekara 11. Mu kuwa da muke da abin a ƙofar gida kyauta, sai mu jera yara sha ɗaya da sha ɗaya a filin manya, inda ɗan gefe zai yi minti goma bai taɓa ƙwallo ba, don kawai mu yi kama da abin da muke gani a talabijin.

Ba cewa nake layi ya wadatar ba. Layi ba ya koya wa yaro amfani da ƙafarsa mai rauni, ba ya koya masa komawa tsaro idan ya gaji, kuma yana kashe gwiwar ƙaramin da ba a ba shi ƙwallo. Nan ne aikinka yake. Abin da ka koya musu na tsayuwa da tare ƙwallo ba asara ba ne. Sashen da ya ɓace nake so ka mayar.

Fara da ƙirga. Gobe ka zaɓi yaro ɗaya, ba wanda ya fi iyawa ba, ka sa wani babba ya ƙirga sau nawa ya taɓa ƙwallo daga farkon atisaye zuwa ƙarshe. Idan yara ashirin na tsaye a layi suna jiran ƙwallo biyu, adadin zai ba ka kunya. Daga nan ka raba filin gida uku da duwatsu, a yi uku da uku ko huɗu da huɗu, kowane ɓangare yana tsaron ƙananan raga biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba mai tsaron raga. Ba sai ka ce wa kowa ya ɗaga kai ba. Da zarar an toshe ragar dama, yaro da kansa zai gano ta hagu a buɗe take, kuma abin da ya gano da kansa ba ya manta shi. Minti biyar ko shida, a huta a sha ruwa, a sauya abokan karawa. A zafin Afrilu da Mayu na Yamai wannan gajeren zubi ma ya fi musu lafiya.

Kowane mako ka sauya abu ɗaya. Wata rana cin da aka yi bayan an yanke mutum ya zama biyu. Wata rana sai wanda aka yi da taɓawa ɗaya ne biyu. Wata rana huɗu su kara da uku, a ga yadda ukun za su yi. Dokarka ta taɓawa biyu ta shigo cikin waɗannan, ta yi minti goma ta fita. A matsayin dokar kullum kuwa ka soke ta, domin ta riga ta yanke wa yaro shawara tun ƙwallo ba ta zo ba, kuma abokin karawa mai wayo cikin minti biyar zai gane cewa naka ba sa riƙewa. Haka wuraren tsayuwa: ɗan shekara sha ɗaya bai isa a ce masa "kai ɗan baya ne" har abada ba. Wanda ya ɗanɗani gaba ya fi sanin abin da ɗan gaba ke tsoro. Jefi-jefi kuma ku ajiye ƙwallo ku yi langa. Kare ɗan wasan da ake kira ruwa, yaudarar 'yan ɗaya ɓangaren su bi wani alhali ruwan ya bi ta gefe, tsayuwa kan ƙafa ɗaya ana ture ka, duk abubuwan da ɗan ƙwallo ke bukata ne. Masu bincike irin su Jean Côté na Kanada sun daɗe suna ba da shawarar yaro ya ɗanɗani wasanni iri-iri har wajen shekara 12 kafin a tsare shi kan guda.

Mai wuyar shi ne bakinka. A wasan sada zumunci na gaba, ka faɗi abin da za ka faɗa kafin a busa usur, abu ɗaya ko biyu, sannan ka nemi wuri ka zauna har hutun rabin lokaci. Zai yi maka zafi. Za ka ga kuskure yana tahowa tun daga nesa, harshenka na ƙaiƙayi. Bar shi ya faru. Idan sun waiwayo ka, ka nuna musu fili da hannu kawai. A hutu, maimakon "me ya sa ba ka ba da ba", ka tambayi yaron: "Me ka gani a lokacin? Wace hanya ce kuma ban da wannan?" Ranar farko shiru za su yi suna kallon ƙasa, don yaranmu ba su saba babba ya nemi ra'ayinsu ba, sun ɗauka tarko ne. Ka daure. Wata rana wani zai ba ka amsar da kai ba ka hango daga bakin fili ba.

Kai tela ne, ka fi ni sanin cewa yaron shagon da ba a taɓa miƙa wa almakashi ba don tsoron kada ya ɓata yadi, zai shekara goma yana sa maɓalli. Yadin da za ka yi hasara a nan ci ɗaya ne a gasar unguwa, wanda bayan sati biyu ba mai tuna shi. Don haka dokar hana yanka a rabin filinku ita ma ta tafi. Ka bar doka guda: wanda ya gwada aka ƙwace, shi ne na farko wajen bin ƙwallon. Ya gwada ya bi, ka tafa masa a gaban kowa, ko da an ci ku. Ya gwada ya tsaya riƙe da ƙugu, wannan lalaci ne, ka yi masa magana. Yara suna gane bambancin nan da wuri in har kai ba ka gauraya su ba.

Sai ɗan yayarka. Ina zargin ka fi tsananta masa don kada a ce koci na fifita ɗan gidansu, kuma shi ya ji hakan a jikinsa. Kada ka aika a kira shi, kada kuma ka kai ƙara wurin mahaifiyarsa, don in ta tilasta shi zai zo da ƙafafunsa ya bar zuciyarsa a layi. Ka je inda yake bugawa, ka tsaya nesa kaɗan, ka kalla har a tashi ba tare da ka gyara masa komai ba. A hanyar gida ka ambaci abu ɗaya takamaimai da ya yi wanda ya burge ka, ka tambaye shi yadda ya yi shi. Sannan ka gaya masa an sauya tsarin atisaye, kana so ya zo ya nuna wa ƙanana wannan yankan. Babba bai raguwa don ya ce wa yaro "na matsa maka da yawa". Mai yiwuwa da gaske yana riƙe ƙwallo fiye da kima, yawancin masu ƙafa a shekarunsa haka suke. Benci ba ya maganin wannan. Sa shi a ɓangaren mutum uku da ke karawa da huɗu, ka bar biyu su rufe shi sau goma. Zai fara neman na sake da kansa, kuma ranar da ya gano cewa ya jawo mutum biyu ya saki ƙwallo ya fi yanka ciwo, ka samu ɗan wasa. Kada kuma ka hana shi ta layi. Ya yi duka biyun.

Alhaji kuwa, ka je ka same shi tun kafin sakamako ya same shi, domin a watannin farko za ku sha kashi fiye da da. Kofin 'yan ƙasa da 13 dama yawanci wanda ya tara manyan yara ne ke ɗauka, wani lokaci har da waɗanda aka yi wa askin gemu da safe. In yana bin Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, tuna masa wannan. A Oktoban 2010 mun doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi a filin Seyni Kountché, Moussa Maazou ya ci, alhali Masar ɗin ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere. Koci Harouna Doula ya kai mu gasar ta 2012, karo na farko a tarihi, muka sake zuwa a 2013. Ƙarfi, juriya da bin tsari suka kai mu can. Amma a wasanni shida na gasannin biyu, ƙwallo ɗaya tak muka zura, a ragar Tunisiya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mai buɗe ƙofa idan an rufe, kuma irin wannan ɗan wasa a shekarun yaranka ake samunsa ko a kashe shi.

Ka gayyace shi atisaye ya ga filaye ukun suna tafasa, ya ji ihun yaran. Idan ya sake tambayar me kuke bukata, kada ka ce riguna. Ka ce ƙwallaye shida ko takwas, lamba 4 ba lamba 5 ta manya ba, da famfo da allurarsa, da jarka biyu na ruwa. Waɗanda suka fashe kuma kada a yar, mai faci zai tashe su, a ba yaran su tafi da su gida.